Shunin Kaka Ilu

Kwamfutar gwanjo ce, yayana ya sayo a Birni,
batirinta ba ya kai la'asar.
Da ta fara nishi da manhajar masu kuɗi
na wanke mata ciki, na zuba Linuks,
wadda ba ta tambayar rasit
kuma ba ta kulle madafa don kar a ga tukunya.

Sai dai fuskarta fururu,
kamar jakin da ya yi birgima a toka.
Na ce ba a gidanmu ba.
Mu da Kura ta san mu da baƙin hannu
tun kafin a ja kwalta?

Na jira dare, sola ta cika batir.
Na buɗe fayil ɗin da launi ke kwana.
Ashe can ciki kowane launi
baƙaƙe shida ne, a jere kamar awaki a turke.
Na canza biyu, taga ta yi ruwan ganye.
Na canza uku, rubutu ya nutse,
baƙi a kan baƙi,
lissafin takin ƙungiya duka
ya ɓace a gabana alhali yana nan.
Na yi salati. Na lalubo hanya da ƙwaƙwalwa
kamar mai neman ashana a ɗakin da ya saba.

Da hantsi na kai wa Kaka Ilu.
Yana zaune bakin karofin da ya bushe,
inda yanzu kaji ke ƙwai.
Ya kawo ido kusa da allo, ya ja baya.
Ya ce, “Wannan bula ce, Hurera,
ta wankin fararen kaya.”
Na rage haske. Ya ce, “Tsomi ɗaya.”
Na ƙara ja kaɗan. Ya yi shiru,
ya shafa gilashin da babban yatsa
sannan ya duba yatsan.
“Ba ya zuba,” in ji shi,
ban sani ba yabo ne ko tausayi.

Ya ce baba sai ya kwana bakwai yana tsima,
sai muciya ta gaji, sai iska ta sha zane,
sai mabuga sun ba shi kashi
kafin ya yi ƙyallin wuyan tattabara.
Ni kuwa nawa maɓalli ɗaya ne,
in na ƙi shi in maido na jiya.

Duk da haka ya zauna har azahar
yana cewa ƙara, rage, tsaya nan.
Muka zagaye kusurwar tagogi kamar bakin ƙwarya,
muka girmama baƙaƙe don idonsa.

Na raɗa wa launin sunansa,
na sake shi kyauta yadda na samu.
Jiya wani ya ɗauka daga ƙasar da ban iya faɗa ba.
Na gaya wa Kaka. Ya gyara zama, ya ce,
“Da ma can haka ne.
Mu rina, Buzaye su naɗa.”