Ƙirga Goma Kafin Ki Miƙe

Ba faɗuwar ce ta dame ni ba,
ƙasar Bagalam ta san gwiwata tun ina yarinya.
Ɗan tsakanin nan na zama da tsayuwa,
wanda bai kai haɗiyar yawu ba,
shi ya mayar da ni baƙuwa a tsakar gidana.

Ina durƙushe ina matsar tunkuza,
mai na tsattsafowa kamar zufa,
sai yaro ya yi sallama, kwalba ɗaya yake so.
Na miƙe.
Katanga ta karkata, dogon yaro ya koma baƙi ƙirin,
kunnena ya cika da kukan injin niƙa
alhali tun jiya babu wuta a unguwa.

Inna Barira ta ce iska ce, ta aiko da turare.
Tsahara ta ce ko ciki ne.
Shekarata hamsin da biyu. Muka yi dariya,
ni tawa a zaune na yi ta.

A asibiti wata yarinya, Zuwaira,
ta ɗaura mini abin awo a dantse ina kwance, ta rubuta.
Ta ce in tashi. Ta sake rubutawa, ta riƙe ni da ɗaya hannun.
"Tansiyonki sauka yake in kin tsaya,
jini na makara kafin ya kai bisa."
Sai ta ajiye biro.
"Inna, kina barci kuwa?"

Ban zo da amsar wannan ba.
Na ce Lawali wata bakwai ke nan a Jado,
wayarsa a kashe.
Na ce tuwo na kwana a kwano,
ruwa ma sai in na tuna.
Na daina zuwa suna, na daina babbar kasuwa,
kada in zube gaban mutane, zane ya kwance.
Ɗaki ya zama rijiya, ni ce guga a ƙasa.

Na ce, to wanne ya riga,
jirin ne ya haifi fargaba
ko fargabar ce ta shanye ni har jini ya gaza?
Ta ce igiya ce mai tufka biyu,
ba a warware ɗaya a bar ɗaya.
"Sha ruwa. Zauna bakin gado tukuna.
Ƙirga goma.
Laraba ki dawo, ba don awo kaɗai ba."

Yanzu da asuba, ladan na kira daga Mokoyo,
ƙafafuna a ƙasa, ina ƙirgawa.
Wajen bakwai sunan Lawali ke zuwa.
Ba na korarsa. Ya zauna gefena.
Takwas. Tara.
Goma.

Katanga na nan inda na bar ta.
Gyaɗa na jira a tiya.