Karkatacciyar Kalmasa

Ran Lahadi, kasuwar Gujungu ta fara watsewa,
ina kakkaɓe guntayen zare daga cinyata,
sai ga Tanimu, yaron motar Alhaji Sabitu,
da baƙin mai har gwiwar hannu,
ya dire min leda a kan keken ɗinki.

Jaket ce ta gwanjo, shuɗiya, mai kauri,
da wani rubutu a baya da ba mu san bakinsa ba.
Salansa ta lashi kafaɗar hagu,
zif ya zubar da haƙora uku.
Ya ce, Malam Haladu, rufe min rubutun nan,
ka toshe hujin, hanyar Jos da asuba ba ta da kara,
sanyinta ƙashi yake nema, ba ya tsayawa a jiki.

Sannan ya zaro ƙyalle daga aljihu,
atamfar da ta sha wanki har ta gaji,
korenta ya koma ruwan miyar kuka,
jajayen zabbi a jere suna kiwo.
Ya ce ta Inna ce, da haƙori ta yago min,
ta ce a liƙa inda iska ke shiga ciki.

Na juya bakin zanen, sai na yi shiru.
Kalmasar ta tafi kamar sawun maciji a rairayi,
nan ta yi faɗi, nan ta tsuke, nan ta yi tsalle.
Ai na san ta.
Shekara ashirin da biyu ke nan, ina yaron shago,
ƙafata da ƙyar take taɓa feda,
maigidana ya tafi Ringim sayen allura,
Inna Hansatu ta miƙo min sabon zane,
wanda za a ɗaura ran sunan wannan da ke tsaye.
Na ɓata shi. Ta duba, ta sake dubawa,
ta ajiye kuɗina cif, da ƙuli-ƙuli biyar a kai,
ba ta ko yi tsaki.

Da dare na tada janareto, lita ɗaya ta rage.
Na zana da alli, na yanko zabbi bakwai,
na ɗame bayan rigar a ƙawanya kamar fatar kalangu.
Keken surfani ba ya son mai gaggawa:
gwiwa ke buɗe masa baki, hannu ke jan linzami,
allura na sassarfa, zare ruwan ƙwai na kwanciya
kewaye da kowace zabuwa,
har ƙyalle da jaket suka manta
ba gari ɗaya aka haife su ba.
Sau biyu zare ya tsinke. Sau ɗaya na soke yatsa.
A kan ƙunar kafaɗa na dasa tambari,
a wuya na bi da zangarniyar gero,
don ya tuna akwai gonar da ke jiran taki.

Saura kalmasar.
Almakashi na hannuna, na buɗe shi, na rufe.
Wa zai sani in na datse ta na jefa kwando?
Na ɗinke ta ta ciki, daidai ƙirji,
a karkace yadda take, ban gyara mata komai ba.
Mai ya ƙare kafin in ƙulle zaren ƙarshe,
na ƙarasa da fitilar waya a baki.

Tanimu ya saka ta da tsakar rana, zufa na tsiyaya.
Biyu cikin 'yan acaɓa suka ba ni kafin alƙalami,
ban ce musu ba a sayar da irin ƙyallen ba.
Shi kuwa sai juyi yake, an kewaye shi kamar biki.

Bayan sati ya tsaya da mota, bai kashe ta ba,
ya leƙo ta taga yana ɗaga murya saman inji:
Inna idonta ya yi yana, amma ta shafa,
ta bi zabbin ɗaya-ɗaya da ɗan yatsa,
ta juya cikin, ta daɗe a wuri guda,
ta ce a gaya wa yaron nan hannu ya miƙe,
ƙuli-ƙuli biyar ɗin nan, ashe sun yi aiki.