Alƙalamin Feshi

Shekara ashirin da bakwai
ina fesa wa motocin Jidda fenti
a gareji, can Kilo Takwas,
har ƙirjina ya koyi fito kamar buta a kan wuta.
Likita ya ce, Baba Namadi, ya isa haka.
Na rataye babbar bindiga.
Amma hannu bai ji maganar likita ba.

Yanzu motata ba ta cika tafin hannu ba.
'Yar bas ce, kwatankwacin wadda ta sauke ni a garin nan,
shuɗiya, da farin layi a ƙugu,
madubinta bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na gwada buroshi,
ya bar mata sawu kamar kunyar gona.
Sai dai feshi.

Na farko, riyal arba'in a kasuwar gwanjo,
yana ƙyalli kamar haƙorin Makka.
Sati uku tina ta cinye robar cikinsa,
ya koma tsartuwa, ɗigo nan, ɗigo can,
sai ka ce mai cin goro a bakin tasha.
Na biyu allurarsa ta lanƙwashe
ran da jikata Rumasa'u ta bangaji tebur.
Na zaga Balad lungu-lungu da ita a ƙunshe cikin takarda,
kowa ya juya ta, ya miƙo min:
ba a kawo irinta.
Araha ba ta ado, na sani,
na dai so in ji a jikina.

Ranar Talata bayan la'asar
na shiga shagon Ubaidu Bahadrame.
Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera guda uku.
Ban dubi ƙyalli ba wannan karon.
Na ɗaga kowanne, na auna a tafi,
ina neman nauyin tagulla, ba holoƙon gwangwani ba,
don laimar garin nan da gishiri take tafe,
ta ci ƙofar gidana, balle ɗan ƙarfe.
Na kwance su gaɓa-gaɓa, yana kallona.
Wannan zoben, tina na cin sa?
Ya ce, farin nan ba ta iyawa da shi.
Allura fa, in ta karye?
Ya jawo aljihun tebur: ga su nan reras, kamar tsinken tsire.
Bakin fa?
Akwai.
Baɗi ma akwai?
Ya ce, in da rai.

Muka haɗa shi da injin iska.
Ka danna kunama, iska ta fito,
ka ja ta baya kaɗan, ruwa ya biyo,
a hankali, kamar mai lallashin jariri.
Na ja layi a bayan rasit,
siriri, bai yanke ba, bai yi tari ba.

Riyal ɗari uku da tamanin.
Na fita ban ce uffan ba.
Na sha shayi a tsaye, na ƙirga, na sake ƙirgawa,
na tuna kuɗin wuta,
na koma.

Na ce, gaya min gaskiya, shekara nawa zai yi?
Ya dube ni daga hula har takalmi.
Ya ce, Hajji, in kana wanke shi duk ran da ka yi aiki,
zai raka ka, ya dawo.
Muka yi dariya har tari ya sarƙe ni,
ya miƙo min ruwa.

Daren nan taga a buɗe, ƙyalle a hanci,
bas ta sha shuɗi hawa biyu.
Ya ɗan fi na ainihi duhu,
ko kuwa idona ne, ko tunanin ne ya koɗe.
Gobe zan ƙara fari.

Rumasa'u na gefe da ƙaramin kofi.
Na ce, zo ki ga yadda ake zare allura:
ta baya, a miƙe, kada ki yi sauri,
ki goge daga gindi zuwa tsini.
Ta ce, Kaka, ai ka hana ni taɓawa.
Na ce, wancan ne.
Riƙe nan.