Dokunu a Zuru

Kwana uku ƙullina na cikin randa,
yana tsami a hankali, kamar kewar Kumasi.
Surukata ta leƙa, ta yatsine fuska:
"Wannan ai ya lalace, 'yar nan."
Na ce, "Inna, lalacewar muke jira."

Jajibirin Kirsimeti na naɗe shi a ɓawon masara.
Barkono na Dabai, busasshen kifi na Yauri,
amma yajin ya fito baƙi wuluk,
sak hannun uwata.
Can gefe tukunyar Inna na tafasa,
shinkafa da ɗan akuya,
hayaƙinmu ya haɗe a sama, bai tambayi kowa ba.

'Yata haihuwar Juma'a ce.
Ni na ce Afuwa, kakarta ta ce Jummai,
duka biyun tana amsawa.
Da aka taso coci ta kai kwano gidan Malam Ɗangaladima,
ta dawo da saƙo:
a ƙaro mai tsamin.

Da dare na iske Inna bayan rumbu,
tana ɓare ɗaya a ɓoye.
Ta ɗago, ta ce, "Afuwa."
Har yau ban sani ba,
jikarta ta kira, ko ni take roƙo.