Kalmar da Bushira Ta Kawo Gida

Bushira ta dawo daga makaranta,
takalminta ɗaya ya sha kwatar Agege.
Ta ce, Baba, malama ta ba mu kalma,
kowa ya nemo ta da harshen gidansu.
Ta karanto mini da Turanci,
doguwa, kamar layin danfo a Oshodi.

Na ce, ai rashin haƙuri ke nan.
Ta rubuta.
Na ce, tsaya, goge.
Rashin haƙuri shi ne direban da ke danna ham
tun fitila ba ta yi kore ba.
Shi ba ya ƙin kowa,
sauri ne kawai ke cin sa.

To sa rashin juriya.
Haka likita ya ce da ni a Idi-Araba
bayan cikina ya yi wata uku yana kiɗan kalangu:
Malam Sha'aibu, hanjinka ba ya jure madara.
Ni?
Ni da aka yaye da nonon saniyar kakata?
Na fito ina dariya, ina dafe da ciki.

Amma akwai wata ma'ana da ba ta kwana a asibiti.
Ita ce ta leƙo ni ta wata taga a Ketu
ranar da na je neman ɗakin haya.
Mai gidan bai tambayi sunana ba.
Hulata ya duba,
ya shaƙi warin albasar da ke rigata,
ya ce an kama.
Allon da ke cewa akwai ɗaki
ya ƙara wata biyu a jikin ƙofar,
kullum ina wuce shi in na taso kasuwa.
Me zan kira wannan?
Ƙyama? Tsangwama? Ƙin jini?
Duk wadda na ɗora sai ta zame,
kamar faranti a kan sabon ɗan talla.

Bushira ta ciji bayan biro.
Ta ce, Baba, daren Juma'a fa,
da su Iya Ronke suka kwana suna tafi a cocinsu,
ka ce da ma ruwan teku ya zo ya kwashe su?
Ran nan da ta aiko mana da amala
ka ce a zuba wa kaji.
Shi kuma ya sunansa?

Fanka ta tsaya. An ɗauke wuta.
Na gode wa duhu da ya rufa mini fuska.

Iya Ronke ce ta tare keke da ƙarfe biyun dare
ran da naƙudar ƙanin Bushira ta tashi,
ina can Mayil Tuwal ina sauke buhu.
Lasifikarmu ta asuba tana tayar mata da jika,
ban taɓa jin ta yi tsaki ba.
Ko ta yi, ta yi shi cikin zaninta.

Ashe na daɗe a kan tudu
ina hangen mutumin Ketu.

Na ce, rubuta:
shi ne ciki ya ƙi abin da ba guba ba.
Ta ce, Baba, wannan ba ma'ana ba ce,
malama za ta sa mini jan biro.
Na ce, bar shi haka.

Sai na tuna likita ya biyo ni har bakin ƙofa,
ya ce, kada ka yanke ƙauna, gwada kindirmo.
Nonon da ya kwana ya fi sauƙin zama,
cokali ɗaya yau, gobe biyu.

Da safe na zaɓi albasa manya, guda bakwai,
na tsaya a ƙofar Iya Ronke.
Har yanzu ban iya gaisuwarsu ba,
na dai kwaɓa yadda ta zo.
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi,
ta ce in sake.
Na sake.