Kuruwar Injin Hajiya Cima

Shekara ashirin ina buɗe cikin firiji da fanka a Zango,
ban taɓa sa hannu a injin busar da tufafi ba.
A Damagaram?
Garin da za ka shanya zane, ka juya ka sha ruwa,
ka waiwayo ka iske shi ya bushe ƙayau?
Da jikan Hajiya Cima ya zo kirana, dariya na yi,
na ce wani ya kai gishiri Bilma.

Amma jaka biyu, jaka biyu ce.
Na ɗaure akwatin aiki a bayan moto,
na bi lungunan Birni, ina kauce wa awaki da duwatsu.

Yana tsaye a ƙuryar ɗaki, fari fat,
an lulluɓe shi da atamfa, samira uku a kansa.
Ɗanta Mutari ya aiko shi
daga can inda rana ke rowa.
Gwanjo ne. Wasu sun mora kafin ya ƙetaro teku.

Na ba shi wuta. Ya yi gurnani,
gangar ciki ko gezau.
Na kwance kusoshi takwas, na tara su a murfin kwano,
don ƙasa na cin kusa yadda kaza ke cin gero.
Na zaro matata:
wata auduga toka-toka, kaurin tafin hannu,
gashin rigunan mutanen da ban sani ba,
maɓalli ɗaya ja,
da kwabon da ba ya sayen ko ɓarin goro a Kasuwar Dole.
A bututun iska zanzaro ya yi gini,
ɗaki uku har da zaure.
Na ba shi haƙuri, na rushe.

Can ƙasa na iske ciwon.
Na ce, Hajiya, kuruwa ta tsinke.
Ta ce, kurwa? Shi ma inji yana da kurwa?
Na ce, robar da ke juya ganga.
Ta ce, to ai duk ɗaya ne.

Kwana biyu ina yawo da zare a aljihu, gwargwadon tsawonta.
Wajen Ɗan Jimo mai kayan mota na samu ƴar'uwarta,
ta gaza da faɗin yatsa.
Na matso da ƙarfe, na ja, na ɗaure,
na ɗiga mai da gashin zabo,
na share ƙura daga wayar zafi, a hankali, kamar mai cire hakin ido.

Ya juya.
Iska mai ɗumi ta lashi ƙwaurina.
Na ce a kawo jiƙaƙƙen kaya mu gwada.
Ta nuna tsakar gida da haɓa:
igiya daga dogonyaro zuwa ƙusar bango,
zannuwa huɗu suna lilo.
Ta ce, mai busar mini da kaya ya girme ka,
kuma bai taɓa aiko mini da takardar kuɗin wuta ba.

Na ce, to gyaran na mene ne?

Ta daɗe tana gyara bakin kallabi.
Ta ce, ran Juma'a yake kira.
Bayan gaisuwa sai ya ce, Inna, injin yana aiki?
Sai in danna, in kara masa waya a jikin ƙarfen,
ya ji yana juyi, ya yi dariya irin ta ubansa.
Mako uku ina ce masa an ɗauke wuta.
Ƙaryar ta fara yi mini nauyi, Harisu.

Na mayar da kusoshi takwas, ba wadda ta ɓata.
Na toshe bakin bututu da guntun gidan sauro.
Na ce a riƙa share matata, ko da ba a sa komai,
a sauke samirun in zai tashi.
Ta ƙirga mini jaka biyu,
ta ƙulle jan maɓallin a gefen zanenta.

Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar,
hanya ta bi da ni ta bayan katangarta.
Na kashe moto.
Ciki, ganga tana juya iska,
lafiya lau, ba ƙara, ba tangarɗa,
tsohuwa tana cewa, kana ji? Kana ji?
Bisa katanga, zannuwa sun riga sun bushe.