Kwano Ɗaya a Suame

Zauna nan, Habila, kan bencin nan mai ƙafa uku,
jingina shi da bango, ya saba da nauyin mutane.
Yau kai kaɗai ka zo,
hannu baƙi da man inji, ido jawur.
Su Kwabena sun tsallaka titi, rumfar Maame Serwaa,
kada a ce sun ci da kai.

Labari ya riga ka isowa, Suame ba ta riƙe magana.
An ce maigidanka ya miƙo maka tsohon birki,
wanke shi da fetur, shafa fenti,
sa shi a kwalin sabo.
Direban trotro na tsaye yana kaɗa makulli,
Techiman za shi, da rai goma sha takwas a bayansa.
An ce ka ajiye ƙarfen a kan tebur
ka ce, “Masta, wannan ba zan iya ba.”
Guduma ta tsaya, injin walda ya yi shiru,
sai wani ya ce “Fasto!”
gareji ya kwashe da dariya.

Ci abincinka. Wake da shinkafa ba sa son sanyi.
Na ƙara maka ƙwai, kada ka tambaye ni kuɗinsa.

Ni ma na taɓa zama inda ka zauna.
Manja nake sayarwa a Kejetia, kafin a haife ka.
Layinmu duka ana zuba jan garin rini
don man ya yi kyau a ido.
Na ce hannun da ke karɓar Jibin Ubangiji ran Lahadi
ba zai zuba wa yaran mutane guba ran Litinin ba.
Suka cire ni daga adashi.
Wadda muke waƙa tare a zumuntar mata
ita ta fara ɗauke kai.
Wata bakwai ba mai ce mini sannu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana,
ban yi arziki ba.
Ga tukunya, ga laima mai faci, ga ni.
Amma a watannin nan bakwai
na san wani abu da ban sani ba a cikin taro:
in kowa ya tashi daga benci,
akwai Wanda ba ya tashi.
Da dare a ɗakina na Aboabo,
ruwa na dukan kwano, cikina na kuka,
nakan ce, “Yesu, kana nan?”
Bai taɓa amsa mini da tsawa ba.
Barci yake ba ni. Gari ya waye, in tashi,
ƙafata ta ɗauke ni.

Shi ma ai ya san wannan zama.
Daren da ya fi bukatar abokai, barci suka yi,
da aka zo da fitilu kuwa, kowa ya nemi hanya.
Ba wanda za ka koya wa kaɗaici ba ne.

Wataƙila gobe Masta ya ce ka kwashe spanarka.
Wataƙila ya yi shiru, ya riƙa kallonka ta gefen ido.
Ban sani ba. Ni mai abinci ce.
Kada dai ka koma da girman kai,
kada ka mai da gaskiyarka sanda.
Gaishe su. Wanda ya ce Fasto, riƙe masa jak.
In tsoro ya zo, kuma zai zo,
faɗa wa Ubangiji da bakin da kake da shi,
ko a ƙarƙashin mota kake.

Yanzu haka wata mata na sauka a Techiman
da kwandon tumatir da goyo a baya.
Ba ta san sunanka ba.

Miƙo kwanon. Ga ruwa, wanke hannu.
An kusa ƙarfe biyu, tashi ka koma.